Sharhi: A Fito Da Wasan Ɗalibai Cikin Gari

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Daga nan Garwa, sharhinmu na yau a kan yaranmu ne na jami'a masu sha'awar aikin jarida, ɗaukar hoto da wasan kwaikwayo, da tarukan da suke shiryawa don nuna abin da suka iya.

Duk wanda ya ba shekara arba'in baya ya san lokacin da arewacin Kamaru ba shi da cikakkiyar jami'a. Ta Ngaundere sai a 1993 ta tsaya da ƙafarta, ta Marwa ta zo a 2008, tamu ta Garwa kuwa a 2022. Amma har gobe babbar makarantar aikin jarida, ESSTIC, tana Yawunde. Yaron da ke son ta sai ya hau mota zuwa Ngaundere, ya kwana a jirgin ƙasa, sannan ya je ya gwada sa'arsa a jarrabawar shiga. Iyaye nawa ne ke da halin wannan? Shi ya sa yawancin yaranmu ba sa fara riƙe makirufo sai a ƙungiyar jarida ko ta wasan kwaikwayo ta makarantarsu, ranar bikin al'adu, ko lokacin shirin UNIFAC, bikin fasaha da al'adu na jami'o'in ƙasar nan. Dandalin nan shi ne ajinsu na gaskiya.

Kwanakin baya na halarci irin wannan dare. Wasan a kan rikicin manomi da makiyayi ne: shanu sun shiga gonar auduga, magana ta kai gaban mai gari. Ana tsakiyar shari'a wuta ta ɗauke. Wallahi ba wanda ya sauka daga dandali. 'Yan kallo suka kunna fitilun wayoyinsu, yarinyar da ke riƙe da kyamara ta matso kusa ta ci gaba da ɗauka, mai fitowa a manomi ya ɗaga murya don na baya su ji. Babu littafin da zai koya musu abin da suka koya a mintuna goman nan.

Sai dai abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Tun daga farko har ƙarshe da Faransanci aka yi wasan. A bakin ƙofa akwai dattijo mai gadi, wanda na tabbata ya ga irin wannan shari'a da idonsa ba sau ɗaya ba, yana tsaye yana kallo ba ya gane komai. Sau ɗaya tak makiyayin ya husata, bakinsa ya suɓuce da Fulatanci, manomin ya mayar masa da Hausa. Nan take zauren ya kaure da shewa, dattijon nan ma ya yi dariya. Ashe tun ɗazu abin da ake jira ke nan.

Ba na raina Faransanci. Da shi za a ba su maki, da shi za su nemi aiki. Amma ranar da suka shiga gidan rediyo a Garwa ko Marwa, da wa za su yi magana? Da mai sayar da kifi a bakin Binuwai, da matar aure da ke tankaɗe rediyo na gefenta.

Mu ma iyaye da namu laifin. Yaro ya ce yana da atisayen wasa, sai a ce, "Karatu aka tura ka ko shashanci?" Alhali mu ne muka tashi muna tashe daga goma ga azumi, muna kwaikwayon malam da mai gari, manya na ba mu hatsi. Mu ne kuma fim ɗin Kano ba ya yankewa a ɗakunanmu. Su waɗancan 'yan wasan ai wasu ne suka haife su.

Roƙona ga shugabannin jami'o'i shi ne, a cikin kwanakin biki a ware dare ɗaya a fito da wasan cikin unguwa, ko da a filin makarantar firamare ne, a yi shi da Hausa da Fulatanci. Gidajen rediyo su ba ɗaliban rabin sa'a su kawo rahoton da kansu. 'Yan kasuwarmu, man janareta na dare guda ba zai gagare ku ba. Ku kuma iyaye, ku zo da tabarminku ku zauna a sahun gaba.

A huta lafiya.