Mai zama bayan ɗan sitaj: lacca kan horar da sikolog a asibiti

A Garwa ta ƙasar Kamaru aka yi laccar nan, na ɗauka a waya na rubuta yadda malamin ya faɗa, gaishe-gaishen farko kawai na rage.

Toh iyayena da ke gaba, malamai, ƙannena ɗalibai, sannunku da jure zafin nan. Bari in fara raba abu biyu dan har gobe ana haɗa su. Likitan ƙwaƙwalwa daban, sikolog daban. Shi likita karatun likitanci ya yi, shi ke rubuta magani. Mu kuma aikinmu zama ne da mutum, mu saurare shi, mu auna shi, mu yi mai magani da magana. Kuma wallahi ba a koyon wannan a aji. Sai an shiga asibiti an yi sitaj, wato koyon aiki a aikace, ƙarƙashin wani babba, to maganar wannan babban ce ta kawo ni yau.

A Faransa, inda yawancin tsarin karatunmu ya samo asali, tun 1985 doka ta hana kowa ya kira kansa sikolog sai mai takardar da ta dace, kuma sai ɗalibi ya yi sitaj na awa 500 ƙarƙashin wanda ya yi aƙalla shekara 3 yana aikin. A Amurka abin ya ma fi tsawo, shekara guda cur ake yi a asibiti kafin a ba ka digirin dokta, tun taron da suka yi a Bolda a 1949 suka tsaya kan cewa sai mutum ya haɗa bincike da duba marar lafiya. Duk ba kirga awa ne manufar ba. So ake a samu wani wanda ya riga ka ganin irin wannan kukan, ya zauna da kai duk sati, ya ce faɗa min me ya faru a ɗakin.

Ni lokacin da na yi nawa sitaj, a wani asibiti da ba zan kira suna ba, wata uku na yi, wanda ke kula da ni sau biyu na gan shi, ranar da na zo da ranar da ya buga min hatimi a takarda. Ban riƙe shi a rai ba dan shi kaɗai ne kuma layi har waje, amma kurakuran da na yi a wata ukun nan a kan mutane na yi su, mutane masu rai masu iyali, kuma ba wanda ya ce min kai tsaya ba haka ake ba.

Shi ya sa yanzu duk ɗalibin da aka turo min, sati biyun farko ba ya cewa uffan, kujera nake ba shi a gefe bayan mun nemi izinin marar lafiya. Daga nan mu sauya, shi a gaba ni a baya. Akwai wata yarinya da ta yi sitaj a hannuna, mai ƙoƙari ce sosai, littafinta cike da Faransanci tsaf. Aka kawo wata dattijuwa da ta baro wajen iyaka ta can Mora, ɗanta ya kawo ta, wai ciwon kai da rashin barci, an sha kwayoyi an yi rubutu an gaji. Tana zaune tana murza bakin mayafinta, can sai ta ce daren da aka shigo garinsu ta fita da jika ɗaya a baya, ɗayan kuma... sai ta yi shiru. Nan take yarinyar ta ce, Inna ki yi haƙuri, ƙaddara ce, sai addu'a. Dattijuwar ta ce haka ne 'yata, ta gyara mayafi, shi kenan ba ta ƙara komawa kan maganar ba ranar.

Da muka zauna da la'asar ban yi mata faɗa ba, ai abin da ta faɗa gaskiya ne, tarbiyyarmu ce, ni ma da shi aka raine ni. Tambayarta na yi, lokacin da Inna ta yi shiru me kika ji a jikinki? Ta ce Malam ƙirjina ne ya yi nauyi, na ji in ba ta daina ba ni ma zan fashe da kuka. Na ce yauwa, to haƙurin nan wa kika ba, ita ko kanki? Matar nan shekara nawa kowa na ce mata ta yi haƙuri, ta hau mota ta biya kuɗi ta zo wajen da take sa ran za a bar ta ta ƙarasa zancen. Sati na gaba yarinyar ta iya yin shirun, hannunta na rawa a kan littafi ina gani daga baya, amma ta jure, Inna ta faɗi sunan jikan nata.

Ga kuma maganar yare. Ɗalibi ya yi karatu da Faransanci, marar lafiya na jin Fillanci ko Hausa ko Barbarci ko Larabcin Shuwa ko Mafa. Ba mai zuwa ya ce maka ina da depiresiyo, cewa zai yi zuciyata ta ɓaci, jikina ya mutu, kaina na zafi kaman ana hura wuta. In kuma ɗan uwa ne ke tafinta, to rabin maganar a hanya take tsayawa, wace uwa ce za ta faɗi abin da aka yi mata ta bakin ɗanta? Dole mai kula ya koya wa ɗalibi yadda zai sallami ɗan rakiya waje cikin mutunci. Sirri ma haka, garin nan kowa ya san kowa, ɗan sitaj ya koma unguwa ya ce yau na ga ɗan gidan wane tiramol ya taɓa mai kai, ka ga ya kashe auren yaron da kasuwarsa. Wannan kam ba na sassauci a kai.

Kar ku ɗauka aikin Turawa ne zalla. Dokta Lambo, likitan ƙwaƙwalwa a Aro kusa da Abekuta ta Najeriya, tun 1954 ya sa marasa lafiya suna zama a ƙauye da danginsu ana musu magani, har da masu maganin gargajiya ya yi aiki. Ni ma ban taɓa ce wa mutum ya bar malaminsa ba, sai dai in an sa mai mari ko ana dukansa, nan ne nake tsayawa.

Yanzu muna da jami'a a Marwa tun 2008, ga ta Garwa tun 2022, ga sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo da aka buɗe a 2013 cike da mutanen da suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba, kuma ba kowa ke da kuɗin kai ɗan uwansa asibitin Jamo mai sashen masu taɓin hankali a Yawunde ba. Ɗalibai na ta fitowa, masu zama bayansu ne ba su da yawa. Roƙona ga shugabannin asibiti da ke nan, ku ware wa mai kula awa ɗaya a sati ga kowane ɗalibi, a rubuta a jadawalin aiki, da ɗaki mai ƙofa da ke rufuwa. Ku kuma ƙannena, kafin ku karɓi wajen sitaj ku tambaya wa zai zauna da ni, kuma wace rana. Na ga Hajiya ta ɗaga hannu tun ɗazu, bisimilla Hajiya.