Sun yanka Berliet sun sayar a kilo, jif ɗina kuwa ta tashi

Assalamu alaikum jama'a, daga Njamena nake gaishe ku. Ku yi haƙuri da yanayin muryata, tun jiya da la'asar raina yake a ɓace, har na ce yau ba zan kunna kyamara ba. Sai na ga in na bar maganar a ciki ita za ta hana ni barci.

Ku dubi abin da ke hannuna. Ɗan ƙarfe ne, hoton kan jirgin ƙasa a jiki. Wanda ya san manyan motocin Faransa na da ya san wannan tambarin Berliet ne, kamfanin garin Liyon. To wannan kaɗai na tsira da shi daga mota sukutum.

Wata bakwai ina zarya a kan motar nan. Tana ajiye a wani fili can bayan Digel, tayoyinta shida duk sun nutse a ƙasa, awaki na kwana a ƙarƙashinta. GBC 8 KT ce, irin wadda sojan Faransa suka fara aiki da ita a farkon shekarun 1960. Injinta silinda biyar ne, kuma ba ta zaɓen abinci: ka ba ta gas ta sha, ka ba ta fetur ta sha, ko kananzir ka samu za ta tafi da shi. Don sahara da wahala aka yi ta. Na sha shiga ƙarƙashinta da tocila, shasinta lafiya lau, tsatsar sama-sama ce kawai. Mun yi magana da mai ita, na ce Alhaji a ƙara mini wata biyu in haɗa kuɗin. Ya ce ba komai, Allah ya kai mu. Jiya na je da ɗan abin da na tara in ba da kafin alƙalami, tun daga nesa na hango hayaƙi da tartsatsin wuta. 'Yan gwangwan ne su huɗu da tukunyar gas. Sun riga sun raba kan da jiki, injin yana kwance a gefe sun fasa shi da guduma don ya yi sauƙin ɗauka. Wallahi sai da na zauna a ƙasa.

Ban yi faɗa da kowa ba. Yaran nan abincinsu suke nema, an kira su aiki sun zo. Mai mota kuma kayansa ne. Amma abin da ya ƙona mini rai, da na tambayi nawa aka saya, kuɗin bai kai abin da na yi niyyar biya ba. Gaggawa ce kawai. Motar da ta haura shekara 50 tana jiran mai tashinta, wata biyu ya gagara. Na ba ɗaya daga cikin yaran jaka biyu, wato sefa dubu biyu, ya ɓalle mini tambarin, na hau kilando, wato acaɓar nan garin, na dawo gida ko abincin dare ban iya ci ba.

To bari in juya kyamara ku ga abin da ya sa ban haƙura da wannan harka ba. Kai, ɗan janye tamfol ɗin nan. A hankali, kada ka kama madubi.

Ga ta nan. Da yawanku za ku ce jif ɗin Amurka ce, Willys ta Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ba ku yi nisa da gaskiya ba. Ƙirar ɗaya ce, amma wannan a Faransa aka yi ta. Sunanta Hotchkiss M201. Bayan yaƙi Faransawa sun ga jif ɗin da Amurka ta bar musu suna ƙarewa, sai kamfanin Hotchkiss ya karɓi lasisi ya ci gaba da ƙera ta daga tsakiyar shekarun 1950 har 1966, sama da guda dubu 27. Tawa farantin da ke gaban fasinja ya nuna 1963. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Ku ƙirga ramukan hancinta: tara ne. Jif ta farar hula bakwai gare ta. Da wannan nake fara gane ta soja tun kafin in buɗe bonet.

A wani gida na same ta wajen Farsha, kaji sun mai da ita akurki. Tsohon da ke da ita ya ce mahaifinsa ne ya saye ta a gwanjo, ta yi shekaru tana kai buhunan gero ƙauye kafin ta kwanta. A nan ma sai da na kusa yin kuskure, kuma ku riƙe wannan in za ku zo ciniki Chadi. Mutanen nan da riyal suke lissafi, kamar yadda iyayenmu ke lissafi da dala. Riyal ɗaya sefa biyar ne. In Balaraben Chadi ya ce maka alif, wato dubu, jaka biyar yake nufi. Ni da na ji kuɗin sai na yi murna na ce ta faɗi gasassa, sai da abokina ya taka mini ƙafa ya ce ninka sau biyar. Duk da haka na saya. Jaka 450 ta tsaya mini, har da kuɗin motar da ta jawo ta.

Injin a kafe yake kamar dutse. Baba mai garejin nan, Bahaushe ne haifaffen nan garin, kakanninsa hanyar Makka ce ta ajiye su tun ana kiran garin Fort-Lamy, shi ya hana ni gaggawa. Na ɗauko dogon ƙarfe zan murɗa da ƙarfi, ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, wadda ta yi shekara 20 tana barci ba a tashinta da mari." Muka cire fulogai huɗun, muka ɗura gas da man birki a ramukan, muka rufe. Kullum da safe in zo in ɗan taɓa hannun tayarwa, don tana da wannan ƙarfen da ake zurawa ta gaba a murɗa. Sati uku ba motsi. Ranar da fistin ya ɗan saki, wallahi ji na yi kamar an ce mini uwargida ta sauka lafiya.

Daga nan aiki ya fara. Injin silinda huɗu ne, lita 2.2, ƙarfin doki 60 kacal, bawul ɗinsa a gefe suke ba a sama ba. Duk bakaniken da ya iya tsohon janareto zai gane shi. Ba kwamfuta, ba na'urar da za a jona ta faɗa maka ciwo. Kunnenka ne da hancinka. Lagireto mun kai wa masu dalma a kasuwar Dembe, jaka 15 suka toshe ramuka goma sha. Ƙasan bodin ya cinye, musamman wajen tanki, don tankin man a ƙarƙashin kujerar direba yake, a kan fetur kake zaune. Mai walda ya yanko faranti ya buga da hannu, kwana tara yana yi. Ringi da gaskit da kayan cikin kafireta kuwa sai da na yi oda daga Faransa, wani ɗan'uwa mai zuwa da dawowa ya saƙo mini a jakarsa. Kayan ba su da nauyi, amma kuɗinsu ya fi na motar zafi.

A nan ne kewar Kano take kama ni. Da a Kofar Ruwa nake, na rantse rabin abin da na yi oda da an ƙera mini shi kafin azahar. Ka kai wa mutum tsohon ƙarfe ya juya shi a hannu sau biyu, ya ce je ka sha shayi ka dawo. Mahaifina direban babbar mota ne, Allah ya jiƙansa, tun ina ɗan shekara bakwai yake riƙe hannuna mu ratsa layin masu kayan gyara, ƙarar guduma ta ko'ina, ƙasa baƙa wuluk da baƙin mai. In mun gama ya saya mini gurasa da ƙuli. Nan akwai naman raƙumi mai kyau, akwai karkanji mai sanyi, wato zoɓonmu, kifin kogin Shari kuwa ba a magana, amma gurasar nan har yau ban samu madadinta ba. Kuma duk da haka zan faɗi gaskiya: wajen ta da mataccen inji a inda babu komai, ban ga kamar bakaniken Chadi ba. Mutumin da ya saba mota ta mutu masa tsakanin Musoro da Faya, inda in bai gyara ba ƙishirwa ce za ta kashe shi, hannunsa daban ne.

Ga gargaɗi ga wanda zai shiga harkar. Wutar motar nan volt 24 ce, batir biyu ake haɗawa. Sojoji sun yi haka ne saboda rediyonsu. Yaron nan da kuke gani ya taɓa sa mata ƙwan fitila na ƙaramar mota, ko ƙiftawa bai yi ba ya ƙone. Fulogoginta ma ba irin na kasuwa ba ne, masu murfin ƙarfe ne da ake ɗaurewa don ruwa kada ya shiga. Kada ka bar mai wayarin ya ce zai yanke ya mai da ita 12 don sauƙi. Na ga wadda aka yi wa haka a Marwa, an cusa mata injin wata mota, an yi mata rufin kwano. Tana tafiya, amma ba ita ba ce kuma.

Na biyu, kuma wannan ya fi komai: launi. Na san masu kallo daga Turai za su cika mini wurin sharhi da cewa me ya sa na yi mata fenti shuɗi. Ku a can kowace shekara ranar 6 ga Yuni kuna jera ɗaruruwan irinta a Normandi, da koren soja da farin tauraro, har da kaki kuke sawa, 'yan sanda na ɗaga muku hannu. Nan ba can ba ne. Ƙasar nan ta ga yaƙi a cikin babban birninta, na 2008 ma mutane da yawa suna tuna yadda suka tsallaka gada zuwa Kusiri ta Kamaru da yara a kafaɗa. Ka fito da mota mai launin soja a titin Njamena, kai ka jawo wa kanka. Ko a gida Najeriya akwai dokar da ta hana farar hula yi wa mota fentin koren soja. Takardunta kuwa sai da na kammala su kaf kafin in sayi ko noti ɗaya, da shaidar gwanjo da ta cinikinmu da sa hannun shaidu. Wata biyar ina bi. Kuma ba na ɗaukar bidiyo kusa da bariki ko gada, shi ya sa kullum a cikin garejin nan kuke ganina.

Akwai masu turo mini saƙo wai in je arewa, an ce tankokin yaƙi na nan zube a sahara kyauta. Eh, suna nan. A 1987 sojojin Chadi ƙarƙashin Hassan Djamous suka fatattaki na Libiya a garin Fada ranar 2 ga Janairu, sannan a Wadi Dum cikin Maris. Su Libiya da tankoki ƙirar Rasha, su kuma 'yan Chadi da Toyota a-kori-kura wajen 400 da Faransa ta ba su, an ɗaura musu makamin fasa tanka a baya. Shi ya sa duniya ke kiransa Yaƙin Toyota. Tankokin suna nan yashi ya binne rabinsu, busasshiyar iska ta hana su ruɓewa. Amma ƙasar wajen cike take da nakiyoyi, har yau suna tashi da raƙuma da mutane. Kuma a cikin ƙarafan nan 'ya'yan wasu suka mutu, Musulmi 'yan'uwanmu ta kowane ɓangare. Ni ba zan je in kwance noti a kabarin mutum ba. Kada ka je, kada ka aiki kowa.

Wani abin da ke burge ni, ita kanta Land Cruiser ɗin da ta ci wancan yaƙin jikar wannan ce. A 1951 Toyota ta yi motarta irin wannan tana kallon jif ɗin Amurka, har sunan Jeep ta sa mata kafin ta canja zuwa Land Cruiser a 1954. Mahindra ta Indiya ma da lasisin Willys ta fara. Saboda haka in manyan Land Cruiser V8 suka wuce ni a hanyar Farsha suna hura mini ƙura, ni na san kakarsu nake tuƙawa. Giyarta uku ne, ga ƙananan sanduna biyu a gefe, ɗaya na sa tayoyin gaba aiki, ɗaya na ƙarfi a yashi. Ba na wuce 60 da ita, don birkinta na da ne kuma ba bel ba ƙofa. Amma ranar Juma'ar da ta wuce na sauka da ita bakin kogi, inda wata sabuwar mota ta kafe mutum shida na turawa, na ratsa ta gefensu ko tari ba ta yi ba. Wani dattijo da ke zaune a gindin bishiya ya miƙe tsaye, ya zo ya dafa bonet ɗin ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya ce irinta ya fara koyon tuƙi da ita yana soja. Na ce Baba hau mu zaga. Muka zaga sau biyu.

Uwargida ta tambaye ni jiya da daddare, da na samu Berliet ɗin a ina zan ajiye ta. Na ce da Baba mun riga mun auna wurin, can inda tsofaffin tayoyin nan suke. Har mun share.

An ce mini akwai wata Unimog, motar wahala ta Marsandi, a wani ƙauye hanyar Masaguet, ita ma 'yan gwangwan sun fara zagaya ta. Gobe in Allah ya kai mu bayan asuba zan kama hanya, kuma wannan karon da kuɗina a aljihu zan tafi. Kai, kawo sukundireba da ƙananan noti biyu, a jikin bangon nan za mu kafa tambarin, sama da teburin aiki. Sannan ka haɗa batir ɗin, jama'a su ji muryarta kafin a kira sallah.