Sharhi: An Daina Allura, Jini Bai Dawo Ba

Masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan wata magana ce da mata ke yi ƙasa-ƙasa a layin awo da gidan suna, amma ba kasafai take fitowa fili ba.

Mace ta yi shekara biyu tana karɓar allurar tazarar haihuwa. Yaro ya yi ƙwari, an yaye shi, ita da maigida sun shirya yi masa ƙane, sai ta daina zuwa allura. Wata huɗu shiru, wata shida shiru, ba jini ba ciki. Uwar miji ta fara tambaya. Maƙwabciya ta ce ai jinin ne ya taru ya daskare a mara, wata ta ce allura ta ƙone mata mahaifa. Kafin a ankara baiwar Allah tana ɗirkar jiƙe-jiƙen "wankin mahaifa" da ba wanda ya san abin da ke cikinsu, hankalinta a tashe.

'Yar'uwa, jinin nan bai taru a ko'ina ba. Kowane wata jiki yakan yi shimfiɗa mai kauri a cikin mahaifa domin tarbar ciki. In ciki bai shiga ba, shimfiɗar ta zube, shi ne jinin al'ada. Allurar wata uku, wato Depo-Provera ko Sayana Press, tana hana ƙwai fita, tana kuma hana shimfiɗar yin kauri. Ɗakin da ba a yi shimfiɗa ba, me za a naɗe? Shi ya sa kusan rabin matan da suka shekara suna allurar ba sa ganin jini sam, kuma lafiyarsu ƙalau.

Jinkirin da ke biyo baya ma yana da dalili. An haɗa maganin ne ya zauna a jiki yana narkewa sannu a hankali. Wata ukun nan shi ne wa'adin da aka tabbatar zai yi aiki sosai, amma ragowarsa kan wuce haka. Yawanci sai kimanin wata 10 daga allurar ƙarshe ake samun ciki, wasu da wuri, wasu har wata 18. Ta wata biyu, Noristerat, jinkirinta bai kai haka ba. Kuma a lura, wadda ta yi shekara huɗu tana allura ba ta fi wadda ta yi shekara ɗaya daɗewar jira ba.

Masu shan ƙwayar tazarar haihuwa da masu ashanar hannu, wato maganin da ake sakawa a ƙarƙashin fatar damtse, Implanon ko Jadelle, su kuma nasu lamarin akasin haka ne. Ana cire ashana maganin ke barin jiki cikin 'yan kwanaki, ƙwai na iya fita cikin 'yan makonni. Tunda ƙwai yana rigan jini fitowa da kimanin mako biyu, mace na iya ɗaukar ciki ba tare da ta ga al'ada ko sau ɗaya ba. Wadda ta cire don tana son sauya hanya, ba don tana son ciki ba, ta fara sabuwar hanyar a ranar.

Akwai kuma wadda za ta ce tun da ta bar ƙwaya al'adarta ta rikice, ga ciwon mara, ga ƙuraje a fuska, ga jini ya ƙaru. Jinin da take gani a makon ƙarshe na kowane kati, ƙwayar ce ke tsara zuwansa, shi ya sa yake zuwa kaɗan kuma a kan kari. Da ta daina, sai jiki ya koma halinsa na da. In dama can al'adarta mai tsallake ce, tsallaken zai dawo. Ƙwayar rufe matsalar ta yi, ba ita ta haifar da ita ba. Galibi cikin wata uku abubuwa kan daidaita.

Wannan rikicewa ta shafi ibada, kuma a nan mata da yawa ke shiga damuwa. Yau ɗigo, gobe tsarki, jibi ya dawo: ta yi salla ko ta bari? A mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, abin da ya zarce ya zama jinin ciwo. Shawarata ita ce ta riƙa rubuta ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke, a kalanda ko a waya. Wannan rubutun zai amfane ta a gaban malami, ya amfane ta a gaban likita.

A ganina babban giɓin yana asibitocinmu. Ana koya wa mace yadda za ta fara, ba a gaya mata abin da zai biyo bayan dainawa. Mun san layi na da tsawo, ma'aikata kuma ba su da yawa, amma minti biyu sun isa a tambaye ta: yaushe kike son wani cikin? In ta ce baɗi, a gaya mata gaskiya cewa allurar wata uku za ta iya ja mata lokaci, ta zaɓa da idonta a buɗe. Duk macen da ta ji an ɓoye mata wani abu, ba za ta dawo ba, kuma za ta hana ƙawayenta goma zuwa.

Sai dai ba kowane shiru ne za a ɗora wa maganin ba. In an bar ƙwaya ko an cire ashana aka yi wata uku ba jini, a fara da gwajin ciki, sannan a ga likita, domin shayarwa, rama ko ƙiba mai yawa, da matsalar ma'ajiyar ƙwai duk suna tsayar da al'ada. Jinin da ya wuce kwana 8, ko wanda ke jiƙa audugar mata kowace awa, ko ciwon mara mai tsanani a gefe guda tare da jiri, wannan ba ya jiran gobe.

Maigida, kai ma da kai ake. Kai ne za ka tare mata surutun dangi a watannin nan. In kuma al'ada ta dawo aka shekara ana nema ba a samu ba, ko wata shida ga wadda ta haura shekara 35, ku tafi asibiti tare a gwada ku duka biyu.