Wabi ne, ko garkuwar jikin yaron ce ba ta cika ba?

Wannan lacca ce da wani likitan yara ya yi wa iyaye da ma'aikatan lafiya a nan Zariya, ni kuma na ɗauka a waya na zauna na rubuta. Na cire gaishe-gaishen farko da wurin da lasifika ta ɗauke, sauran kuma yadda ya faɗa ne.

Toh, iyayena mata, bari in fara da tambaya. A cikinku wa ya san wani mai suna Ajuji ko Ayashe? Yawwa, na ga hannaye. Kun san dalilin sunan ai, uwa ce ta yi ta haihuwa suna komawa, sai a ce wabi take yi, in an samu na gaba sai a raɗa masa sunan da zai nuna kamar ba a damu da shi ba ko Allah zai sa ya tsaya. Ban zo in yi wa al'ada dariya ba, mutanen da sun lura da gaskiya, akwai gidan da abin ke maimaituwa. Yawancin abin da ke ɗauke yaran nan mun san shi, zazzaɓin cizon sauro ne, ƙyanda ce, gudawa, tamowa, sikila. Amma akwai wani ɗan kaso da ba ma kamawa, saboda ba ma nemansa, kuma shi na zo in yi magana a kai.

Jikin mutum yana da sojoji, su ne fararen ƙwayoyin jini, kuma a ɓargo ake ƙera su. Akwai wasu da muke ce wa T, su ke farautar ƙwayar bairos da ta shige cikin tsokar jiki ta ɓuya, akwai kuma B, su aikinsu haɗa makamin da ke yawo a jini yana kama cuta. Wani yaron tun a ciki aka samu kuskure a rubutun halittarsa, sai a haife shi babu bataliya ɗaya, ko ma duka biyun. Ba cuta ɗaya ba ce fa, yanzu an san ire-irenta sama da 400. Ɗaya daga cikin na farko da aka gano, wani likitan soja ne a Amurka, Ogden Bruton, a 1952, a jikin wani yaro ɗan shekara 8 da yake ta kwanciya asibiti, da ya auna jininsa sai ya ga babu makamin nan sam.

Abin da ke yaudararmu shi ne ranar suna yaron ƙalau yake, ɓul-ɓul, kowa na ɗauka. Dalili, uwa ta ba shi aron nata makaman ta mabiyiya a watannin ƙarshe na ciki, kuma aron nan yana ƙarewa wajen wata shida. Sai ka ji uwa tana cewa wallahi likita lafiyarsa lau sai da ya fara zama, sai a ce haƙori ne, ko an yi masa baki. Aron ne ya ƙare.

Akwai wata baiwar Allah da na taɓa gani, ba zan faɗi daga ina ba. Ta zo da yaro ɗan wata biyar, ta kwance bakin zani ta zazzage min kwalaben magani a kan tebur, na ƙirga bakwai, duk na kashe ƙwayar cuta, daga wannan kemis zuwa wancan. Bakin yaron fari fat kamar nono ya kwanta, in ka goge sai jini, gudawa ta fi wata ɗaya, wurin allurar BCG, ta rigakafin tarin fuka, a damtsensa ya zama gyambo yana ruwa, ga kaluluwa a hammata. Kuma kunya a gare ni, ni ma na fara rubuta na takwas kafin bakina ya ce, Hajiya, shi ne na farinki? Ta ce a'a, na uku ne, yayyensa biyu maza duk ba su kai shekara ba. Na ce 'yan'uwanki maza fa? Ta yi shiru ta ce ai Innarmu ma wabin maza ta yi, mu mata ne kawai muka tsaya. A nan na ajiye biro.

Ku riƙe wannan, tambayar kawu. Nau'in da ya fi tsanani, wanda muke kira SCID, inda bataliyoyin biyu duk ba sa aiki, akwai irinsa da ke bi ta uwa, ita lafiyarta ƙalau tana ɗauke da shi ne kawai, amma duk ɗa namiji da za ta haifa rabi da rabi ne, ko ya ɗauko ko ya tsira. Shi ya sa muke tambayar 'yan'uwan uwa maza. Akwai kuma irin da sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi, tamkar AS da AS a sikila, kowane ciki kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan ya fi fitowa a auren zumunci, don ɗan wa da 'yar ƙani daga kaka ɗaya suka gaji abin. Kar wani ya fita ya ce likita ya haramta auren zumunci, ban isa ba, kuma yawancin irin auren nan 'ya'yansu lafiya lau. Cewa na yi in gidan an binne jarirai biyu uku da ciwo iri ɗaya, a faɗa wa likita tun kafin ya tambaya, don mu ma layi na yi mana yawa mu manta.

Yanzu ina bairos ya shigo? Bairos iri biyu ne a wajen zama. Akwai baƙo mai wucewa kamar mura, akwai wanda in ya shiga ya tare kenan. Ɗauki EBV, wanda ke bi ta yawu. Kusan duk wanda ke ɗakin nan yana ɗauke da shi, manya sama da kashi 90 cikin 100 a duniya, kuma a ƙasashenmu tun muna rarrafe muke ɗauka. Ba ya damunmu saboda sojojin T sun tsare shi kamar fursuna har ƙarshen rayuwa. Toh yaron da ba shi da masu gadin fa? Sai zazzaɓi wata da watanni, kaluluwa ko'ina, hanta da saifa su kumbura, jini ya yi ta ƙarewa, a yi maganin maleriya sau biyar a yi na taifot ba sauƙi, wani ma ya juye ya zama ciwon daji, wato kansa. Kuma abin mamaki a Afirka aka samo bakin zaren wannan bairos. Wani likita Denis Burkitt ne a Yuganda ya bayyana kansar da ke kumbura muƙamuƙin yara a 1958, sannan a 1964 masu bincike Epstein da Barr a Landan suka hango bairos ɗin a cikin ƙwayoyin wannan kansar. Ita wannan ta muƙamuƙi muna ganinta a nan arewa, amma ba gado ba ce, maleriya ce mai yawan dawowa take haɗa kai da EBV, kar ku haɗa su.

Wanda ya fi shahara a labarin nan David Vetter ne, an haife shi a Texas a 1971 bayan wansa ya rasu da SCID yana jariri. Tun daga ɗakin haihuwa aka saka shi cikin wani tanti na roba da ba ƙwayar cutar da ke shiga, a ciki ya girma, uwarsa sai ta safar roba take taɓa shi. A 1983 aka yi masa dashen ɓargon yayarsa, ashe akwai EBV kwance a ɓargon ba a gani ba, ita bai taɓa yi mata komai ba, shi kuwa ya haifar masa da ciwon daji, ya rasu a 1984 yana shekara 12.

Sai maganar rigakafi, kuma don Allah ku buɗe kunne, don kun san abin da jita-jita ta jawo mana a 2003 da aka dakatar da ɗigon foliyo a Kano, da kyar Afirka ta samu shaidar rabuwa da foliyo na asali mai yawo a gari a watan Agustan 2020. BCG da ɗigon foliyo da na ƙyanda, ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana. Ga yaro mai garkuwa alheri ne tsantsa. Ga wanda ba shi da ita, raunanniyar ma ta fi ƙarfinsa, an taɓa samun wani mutum a Ingila da ya shafe sama da shekara ashirin yana fitar da ƙwayar foliyon rigakafi a bayan gidansa. Don haka wanda za a dakata wa shi ne jaririn da yayyensa suka rasu a irin yanayin da na faɗa, a duba shi tukuna. Sauran yaran unguwa kuwa a yi musu duka, rigakafinsu ne ma katangar da ke kare shi.

Ma'aikatan lafiya, ku ne nawa yanzu. In yaro ya yi ciwon kunne sau huɗu a shekara, ko nimoniya sau biyu, ko ya sha magani wata biyu ba canji, ko farin baki ya ƙi tafiya, ko nauyinsa a kati ya tsaya cak, ko cibiya ta haura wata ba ta faɗi ba, ku fara da gwajin HIV na uwa da ɗa, ku duba tamowa, don su suka fi yawa nesa ba kusa ba. In babu, ku koma kan takardar gwajin jini da kuka saba, kar ku tsaya a PCV, wato awon yawan jini, kawai, ku dubi adadin limfosait, wato fararen ƙwayoyin da sojojin T da B ke cikinsu. Jariri nasa yana da yawa fiye da na babba, in kun ga ya gaza 2,500 ku tura shi Shika, asibitin koyarwa na ABU, da takarda mai bayanin yayyen da suka rasu. Gwaji ne mai araha da ake yi kullum, lambar ce ba ma karantawa.

Magani akwai. Masu rashin makamin B ana ƙara musu shi ta jijiya duk sati uku zuwa huɗu, su yi makaranta su yi aure, sai dai tsada. Masu SCID kuwa dashen ɓargo ne, an fara cin nasararsa tun 1968 a Minnesota, kuma in an yi shi kafin wata uku da rabi, kafin cuta ta kama yaron, sama da 90 cikin 100 na rayuwa. Shi ya sa Amurka ke gwada kowane jariri da ɗigon jinin diddige, jihar Wisconsin ta fara a 2008, zuwa 2018 duk jihohi sun ɗauka. Mu nan an yi dashen ɓargo na farko a garin Benin na jihar Edo a 2011, na sikila ne, ka ga ilimin ya iso, kuɗi da kayan aiki ne suka yi saura.

A nan wata dattijuwa ta ɗaga hannu ta ce, likita, toh in abin ta uwa yake bi, ba sai maza su fara sakin mata ba? Ɗaki ya ɗauki hayaniya. Likita ya ce Baba, tambayarki ta fi laccar nauyi. Ita ma gada ta yi, ba ta zaɓa ba, kuma a ɗaya nau'in ai rabin daga uban yake. Ya ce shi ya sa ba ya faɗa wa mace sakamako ita kaɗai, sai ya sa an kira maigidan, wani lokacin har da uwar miji, ya zana musu a takarda su gani da idonsu.

Wani malami daga baya ya tambaya ko ita waccan baiwar Allah ɗanta ya rayu. Likita ya ce a'a, bai kai wata bakwai ba. Amma ta dawo da cikin na gaba tun yana wata huɗu, ita da mijin, aka shirya za a duba jinin jaririn ranar da aka haife shi kafin a yi masa BCG. Mace ta haifa.