Wai kimiyya ta kori imani da Mahalicci? A tambayi Newton mana

Jama'a masu sauraro, wata magana ce ke ta yawo a Facebook kwanan nan, wai duk wanda ya yi zurfi a kimiyya dole ya daina yarda akwai Mahalicci, wai imani sai wanda bai ga ƙofar jami'a ba. Haba! Mai wannan rubutun fa jiya-jiyan nan ya gama haddace dokar Boyle da dokokin Newton don ya tsallake WAEC, amma bai taɓa tsayawa ya tambaya su wane ne mutanen ba.

To ga Newton ɗin. Littafinsa Principia ya fito a 1687, da aka zo bugu na biyu a 1713 sai ya ƙara wani bayani a ƙarshe, ya ce wannan tsari na rana da duniyoyi da taurari masu wutsiya ba zai samu ba sai da shiri da ikon wani mai hikima. Robert Boyle kuwa da ya rasu a 1691 kuɗi ya bari a wasiyyarsa, a riƙa shirya lacca ana kare addinin Kirista daga masu musun Allah.

Sai su ce ai tsoron coci ne ya sa. Tsoro? Mai tsoro a gaban mutane yake nuna addini, in ya shiga ɗaki ya ajiye. Shi Newton a ɗakin ne shi kaɗai ya cika tulin takardu da nazarin Baibul, mafi yawansu ba a gani ba sai bayan mutuwarsa, har ma a ɓoye ya ƙi aƙidar Triniti, wato imanin Kirista da Allah ɗaya cikin uku, abin da in da ya fito fili da ya ja masa rasa aikinsa a Cambridge. Wannan ne matsoracin?

Mu koma Dimashƙa. Ibnu Shaɗir da ya rasu a 1375, aikinsa kenan a Masallacin Umayyawa, fitar da lokutan sallah, shi ya yi agogon rana na hasumiyar masallacin, kuma lissafinsa na tafiyar wata shi ne dai wanda aka zo aka gani a littafin masanin taurari Copernicus na 1543. Ma'aikacin masallaci fa! Wane ne ya tsorata shi?

Ni ban ce don Newton ya yi imani shi kenan an gama hujja ba, shi ɗin ma ya ɓata shekaru yana bin alkimiyya, sana'ar masu neman mai da dalma zinariya. Amma a daina ce mana ilimi ne ya raba su da Mahalicci, bai raba su ba.

Galileo kuma, masanin taurarin nan na Italiya da kullum ake jawo mana, eh, cocin Katolika ta yi masa shari'a a 1633, ta tsare shi a gida har ya mutu a 1642, zalunci ne, ba musu. Amma kan ko duniya na zagaya rana aka yi rigimar, ba kan ko akwai Mahalicci ba, mutumin da 'ya'yansa mata biyu ma sistoci ne a gidan ibada kusa da Florence.