Me Yasa Tafkin Ke Sake Komawa Kore Bayan An Wanke Shi?

[Hoto: tafkin wurin shaƙatawa daga sama, ruwan kore shar, ledoji da robobi sun taru a gefe guda]

Jama'a barkanmu da warhaka. Na san yawancinku kun ga bidiyoyin nan da ke ta yawo kwanan nan, matasa sun haɗu sun samu wani tafki da aka yi watsi da shi a wurin shaƙatawa, sun zuƙe ruwan, sun kwashe shara, sun cika shi da sabon ruwa, ruwa ya yi garau har kana hango ƙasa, kowa na tafi. Wallahi aikin ya burge ni kuma Allah ya saka musu. Amma abin da bidiyon baya nunawa shi ne sati biyu ko uku bayan nan, ruwan ya koma kore kaman ba a taɓa shi ba, wani lokacin ma ya fi na da, sai mutane su fara cewa ai aikin banza aka yi ko kuma wani ne ya zuba wani abu da daddare. Babu wanda ya zuba komai. Akwai mataki ɗaya da aka tsallake, kuma a kansa zamu zauna yau.

[Hoto: masu aiki da safar hannu da buhuna, a gudu]

Kwashe shara dai kowa ya iya, ba sai na koya muku ba. Leda, kwalabe, tayoyi, rassan da suka faɗa ciki, a fitar da su. A sa safar hannu da takalmin roba saboda fasassun kwalabe. Shikenan, mu wuce.

[Hoto: hannu ya tsoma sanda har ƙasa, ya ɗago ta da baƙin taɓo, kumfa na tasowa]

Toh tsaya nan. Kun ga baƙin abun nan da ya manne a sandar? Shi ne labarin gabaɗaya. Da kuna wajen da kun toshe hanci, warinsa kaman ruɓaɓɓen ƙwai, kuma wannan warin alama ce cewa can ƙasa babu iskar oksijin ko kaɗan. Taɓon nan ba ƙasa bace kawai, ganyaye ne na shekara da shekaru, kashin agwagi da na kifi, burodin da mutane ke jefa wa tsuntsaye, matacciyar gansakuka, ƙura da takin da ruwan sama ya wanko daga ciyawar wurin. Duk sun kwanta sun ruɓe, kuma a cikinsu akwai wani sinadari da ake kira fosforas.

Gansakuka, wato koren nan da ke rufe ruwa, tsiro ce, kuma kaman kowane tsiro tana buƙatar rana da taki. Rana dai ba zaka iya kashe ta ba. Naitirojin ma, ɗaya daga cikin sinadaran taki, da wuya ka hana shi, don wasu nau'in koren nan daga iska suke ɗaukar nasu. Abin da yawanci yake ƙaranci a ruwa mai daɗi shi ne fosforas, shi yasa da zarar ya samu sai ta barke. Ana ƙiyasta kilo 1 na fosforas zai iya haifar da kusan kilo 500 na ɗanyar gansakuka. Kilo ɗaya fa.

[Hoto: zanen tafki an raba shi biyu da labule, gefe ɗaya kore, ɗayan duhu garau]

Wannan ba hasashe bane, an gwada shi a tafki na gaske. A 1973 wani masanin ruwa mai suna David Schindler da abokan aikinsa, a yankin Ontario na ƙasar Kanada, suka samu wani tafki da ake kira Tafki na 226, yana da ƙugu siriri a tsakiya, sai suka sa labulen roba suka raba shi biyu. Gefe ɗaya suka zuba kabon da naitirojin, ɗaya gefen suka zuba irin wannan ɗin dai amma suka ƙara da fosforas. Gefen da ya samu fosforas ya koma kore shar, ɗayan ya zauna yadda yake. Hoton da aka ɗauka daga sama ya zagaya duniya, kuma yana cikin abubuwan da suka ƙarfafa ƙasashe wajen rage fosfet, wato sinadari mai ɗauke da fosforas, a cikin omo. Ni dai duk lokacin da na ga hoton nan sai jikina ya yi sanyi, ruwa ɗaya, rana ɗaya, bambancin sinadari ɗaya tak.

[Hoto: komawa kan tafkinmu, ana cika shi da tiyo]

Yanzu ku dubi abin da ya faru a bidiyoyin can. An canza ruwa, amma an bar rumbun takin a ƙasa. Sabon ruwan garau ne, don haka rana na ratsa shi har ƙasa, ga ɗumi, ga taki na tasowa daga taɓo, ga kuma an kwashe tsirran da da suke gasa da gansakukar wajen cin abinci. Ai ka shirya mata gona ne ka yi mata ban ruwa. In kuma ruwan famfo aka zuba kai tsaye, kulorin ɗin ciki na kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ƙananan halittun da ke cin gansakuka, yana kuma ƙona sassan numfashin kifi.

[Hoto: zane mai motsi, ƙasan tafki, ɗigo ja na ƙarfe riƙe da ɗigo fari na fosforas]

Ga wajen da nake so ku natsu sosai, don shi ne mutane basu sani ba. A cikin taɓo akwai ƙarfe. In akwai oksijin a ƙasan ruwa, ƙarfen nan yana zama kaman tsatsa, kuma tsatsar tana damƙe fosforas ta riƙe shi gam, baya samun fitowa cikin ruwa. Amma ranar da oksijin ya ƙare a ƙasa, ƙarfen sai ya narke ya saki abin da ya riƙe, fosforas ya taso, gansakuka ta ci ta yi yawa, ta mutu, ta nutse, ƙwayoyin bakteriya su hau ruɓar da ita su shanye sauran oksijin ɗin, ƙarfe ya ƙara sakin fosforas, haka dai abin ke ta juyawa yana ciyar da kansa. Shi yasa zaka ga tafkin da aka toshe duk wata kwatar da ke shiga cikinsa amma ya ci gaba da yin kore na shekaru, abincin a cikin gida yake.

Don haka tambayar farko ba yaya zan kashe koren nan bace, tambayar ita ce ta ina takin ke shigowa, kuma nawa ne ya riga ya kwanta a ƙasa.

[Hoto: ana ruwan sama, kyamara na bin ruwan daga titi zuwa tafki]

Ta ina yake shigowa? Hanya mafi sauƙi, ka je wajen lokacin da ake ruwan sama ka tsaya ka bi ruwan da ido. Zaka ga kwatar da ke kawo ruwan titi, zaka ga gangaren ciyawa da ake zuba wa takin zamani, zaka ga inda ƙasa ke zaizayewa, wani lokacin ma bututun ban ɗaki ne ya fashe babu wanda ya lura. A karkatar da kwata, a daina zuba taki kusa da ruwa, a daina aske ciyawa har bakin tafki, a bar mata tsayi na 'yan mitoci ta zama matata. Sai maganar burodi, na san yara na jin daɗin ciyar da agwagi kuma abin na da ban sha'awa, amma wanda aka ci ya dawo kashi, wanda ba a ci ba ya nutse ya ruɓe, duka biyun a taɓo suke ƙarewa, agwagin ma ba lafiya yake ƙara musu ba.

[Hoto: injin haƙa yana ɗebo taɓo, sannan mutane da bokitai a ƙaramin tafki]

Wanda ya riga ya kwanta kuma, in ya yi kauri sosai dole a yashe. Amma ba a rana ɗaya ba, kuma ba duka ba. A ɗauki ɓangare a bar ɓangare, don kwaɗi da 'ya'yan mazari da dodon koɗi su samu inda zasu fake su sake cika wajen. Ciyayin da aka ciro a ajiye su bakin ruwa kwana ɗaya ko biyu ƙananan halittu su rarrafa su koma, sannan a kwashe su a kai nesa. Dan Allah kar a tara taɓon a bakin tafki a tafi gida, ruwan sama na farko zai mayar da shi inda ya fito. In kuma tafkin ya daɗe yana karɓar ruwan titi ko na masana'anta, a gwada taɓon kafin a zuba shi a lambu, don yakan ɗauki gubar dalma da mai.

Inda yashe taɓon ba zai yiwu ba, ƙwararru na zuba alam, wato alif, ko wani yumɓu na musamman da ke kama fosforas ya danne shi a ƙasa. An yi amfani da irin yumɓun nan a tafkin Serpentine na Hyde Park a Landan kafin wasannin Olamfik na 2012, lokacin da za a yi gasar ninkaya a ciki. Amma wannan aikin masu awo ne, alam in ya yi yawa yana sa ruwa tsami ya kashe kifi.

[Hoto: asuba, kifaye sun taso sama suna buɗe baki]

Yanzu oksijin. Ruwa mai ɗumi baya riƙe iska da yawa, a digiri 20 yana ɗaukar kusan miligiram 9 a lita, a digiri 30 ya sauko wajen 7 da rabi. Kifi na fara takura in ya yi ƙasa da 5, in ya kai wajen 2 sai a fara ganin gawarwaki. Da rana gansakuka na samar da oksijin, da daddare kuma ita ma shaƙa take yi, shi yasa lokaci mafi hatsari shi ne gab da asuba. In kana son sanin lafiyar tafki ka je da sassafe, in ka ga kifi a sama suna haki kaman waɗannan to akwai matsala.

Wannan ne kuma dalilin da yasa nake roƙon mutane su guji zuba maganin kashe gansakuka irin mai jan ƙarfe a ciki. Eh zata mutu cikin kwanaki, amma duk gawar zata ruɓe lokaci guda ta shanye iskar, kifi su bi ta, fosforas ɗin jikinta kuma ya koma ruwa yana jiran zagaye na gaba.

[Hoto: famfon ado na feshi sama, sannan kumfa na tasowa daga ƙasan ruwa]

Famfon feshi yana da kyau a ido, ni ma ina son sa, amma ruwan sama-sama kawai yake juyawa. In tafkin na da zurfi abin da ake buƙata shi ne injin hura iska da faifai a ƙasa, kumfar na tasowa tana ɗago ruwan ƙasa ya haɗu da iska, tsatsar nan da muka yi magana ta koma bakin aikinta. Sai dai a kunna shi a hankali, rabin awa ranar farko, a ninka washegari, a haka har ya kai yini, don in ka juya ruɓaɓɓen ruwan ƙasa gaba ɗaya lokaci guda kifin da kake son ceta ne zai fara tafiya.

[Hoto: ana dasa tsirrai a bakin ruwa, bado na buɗewa]

Sai tsirrai, su ne zasu ƙwace takin daga bakin gansakuka. Bado na yin inuwa, ciyayin ƙarƙashin ruwa na ba da iska da mafaka, na bakin ruwa na tace abin da ke shigowa. A zaɓi 'yan asalin yankin. Kainuwa da ɗan'uwanta mai shuɗin fure da ya fito daga Kudancin Amurka, wanda ya addabi Tafkin Biktoriya, suna cin taki sosai amma in ka kau da kai zasu rufe ruwan ruf. Kuma duk tsiron da ya girma a dinga rage shi ana fitarwa, kowace baro da ta fita fosforas ne ya bar tafkin. Kifi ma kar a cika, musamman masu tonon ƙasa irin wanda ake kira kaf, suna dama taɓo suna tuge tsirrai.

[Hoto: ruwa mai kama da an zubar da koren fenti]

In kun ga ruwa ya yi haka kaman an zuba fenti, a hana yara da dabbobi kusantarsa, irin wannan na iya fitar da guba mai taɓa hanta. A watan Agustan 2014 irinta a Tafkin Erie ta sa aka hana mutane kusan 400,000 na birnin Toledo da kewaye a Amurka shan ruwan famfo na kusan kwana 3.

[Hoto: farin faifai ɗaure da igiya ana sauke shi cikin ruwa]

Don sanin ko aiki na ci, ga abu mai sauƙi, farin faifai da igiya mai alamar awo, tun 1865 wani malamin taurari ɗan Italiya Angelo Secchi ya fara amfani da irinsa. Ka sauke shi har ya ɓace maka, ka rubuta tsawon igiyar da kwanan wata, waje ɗaya, lokaci ɗaya, duk sati. Watannin farko lambar zata dinga hawa da sauka, kar hankalinku ya tashi, shekarar bana da ta baɗi zaku kwatanta.

[Hoto: littafin awo a buɗe, mazari ya sauka a kan igiyar, a bar sautin ruwa ya ci gaba]