Lacca: Aikin Sauya Ɗabi'a a Fannin Lafiyar Al'umma ta Duniya

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? Madalla.

Ɗalibai, da yawanku kun ɗauka aikinmu buga fosta ne da sa sanarwa a rediyo. Bari in ba ku labarin Ebola, sai ku auna da kanku.

Daga 2014 zuwa 2016 cutar ta kashe mutum sama da 11,000 a Gini, Laberiya da Saliyo. Wankan gawa na cikin manyan hanyoyin yaɗuwarta, domin ƙwayar cutar tana nan da ƙarfinta a jikin mamaci. Da farko ma'aikata kan zo sanye da fararen kaya, ko fuskarsu ba a gani, su sa gawa a jaka su tafi da ita. Sai mutane suka koma ɓoye majinyata, suna binne mamatansu a asirce. Kada wani ya ce jahilci ne. Wa zai yarda a tafi da mahaifiyarsa ba addu'a, bai ma san kabarinta ba? Sai da aka zauna da limamai, fastoci da sarakuna, aka tsara jana'izar da ba haɗari kuma ba wulaƙanci: dangi su tsaya daga nesa suna gani, a yi wa mamaci addu'a bisa addininsa. Daga nan jama'a suka fara kiran ma'aikata da kansu. Saƙon bai canza ba, masu saƙon ne suka koyi saurare.

Ga wani daga Bangaladash. Daga 1980 ƙungiyar BRAC, wata ƙungiya mai zaman kanta a ƙasar, ta tura mata gida-gida suna koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari don yaro mai gudawa. Abin da ke burge ni shi ne yadda ake biyan matan a wancan lokacin. Bayan sun wuce, wani jami'i zai bi sawu ya tambayi uwar, ya sa ta haɗa ruwan a gabansa. Gwargwadon abin da ta riƙe, gwargwadon albashin malamar.

To, ta ina ake shiga wannan aiki? Ba sai kana likita ba. Akwai 'yan jarida a cikinmu, da masu nazarin zamantakewa, da malaman makaranta. Yawanci ana son digiri na biyu kan lafiyar al'umma, da iya tattara bayanai da ƙididdiga, domin mai ba da tallafi zai tambaye ka hujjar cewa ɗabi'a ta sauya. Faransanci ma yana buɗe ƙofofi.

Kowa idonsa na kan Hukumar Lafiya ta Duniya a Janiba, ko UNICEF. Ni shawarata ku fara daga ƙauye, ku yi shekaru kuna zama da jama'a. Kuma ku sani yawancin aikin kwantiragi ne, shekara ɗaya ko biyu. Tallafi na yankewa, aiki ya tsaya, ko da kuwa yana tafiya daidai.

'Yar'uwa a layi na uku, na ga kin ɗaga hannu. Bismillah.